Mas ɗin safe na ranakun mako: a rage shi ko a bar shi yadda yake?

Ɗan Katikis: Salama a gare ku 'yan'uwa. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo ta nan ko zan samu masu haska mini. Ina cikin kwamitin farish ɗinmu, wato cocinmu na Katolika da rassansa, a nan kudancin Kaduna. Ranar Lahadi coci cika yake yi maƙil, Mas, wato sujadarmu da Fada ke jagoranta, biyu muke yi, na Hausa da na Turanci, har rumfa muke kafawa a waje. Amma daga Litinin zuwa Asabar, Mas ɗin ƙarfe 6 na safe, in ka ƙirga mutum 12 to ranar kasuwa ta ci. Jiya da kaina na ƙirga, mu 9 ne har da Fada da yaron da ke taya shi hidima a bagadi. Cikin sauran 7 ɗin, 5 tsofaffin mata ne, ɗayarsu mahaifiyata.

Ma'ajinmu ya kawo shawara a mayar da shi sau 2 a mako, Laraba da Juma'a. Hujjarsa ita ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ciyar da janareta ya fi ƙarfin baikon safe, wato kuɗin da masu zuwa ke bayarwa. Ga shi kuma Fada ɗaya gare mu, da rassa 7 a ƙauyuka, waɗansu sai su yi wata ba su sa shi a ido ba. Ya ce da ya riƙa tashi don mutum 7, gara ya hau babur ya je inda mutum 60 ke jiransa.

Da na gaya wa Mama ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, can ta ce, "To ku rufe mana. Ai ƙofar taku ce." Tun daga nan na kasa sukuni. Asabar mai zuwa za mu zauna. Ku a wurarenku yaya kuke yi?

Maman Ladi: Ɗana, kada ku kuskura. Tsofaffin nan 5 da kuke ganin ba su da yawa, su ke riƙe da ku ba ku sani ba. Ka tambayi mahaifiyarka sunayen da take jerowa kullum in ta durƙusa. Naka na ciki, na ma'ajin ma na ciki.

Injiniya Bako: Mama, a yi mini aikin gafara, ba wanda ya raina tsofaffi. Amma ni ɗan reshe ne, a ƙauye na tashi. Muna yara sau ɗaya a wata biyu muke ganin Fada, in damina ta kankama rafi ya kawo kuwa sai kaka. Kakata ta yi kwana 11 tana jinya tana tambaya ko Fada ya iso, har ta cika ba a shafe ta da mai mai tsarki na marasa lafiya ba. Ku mutanen gari Fada ya zame muku famfon tsakar gida, mu kuwa rijiya ce mai nisa. In rage Mas ɗin gari zai sa ya kwana ƙauye sau biyu a mako, ina bayan ma'aji ɗari bisa ɗari.

Mai Ganga: Ku tsaya tukuna. Janareta na mene ne? Mutum 9 fa aka ce. Wa za a kunna wa lasifika, jemagun cikin rufi? Kyandir 2 a bagadi, tocila ɗaya ga mai karatu, an gama. Ku cire zancen mai daga ciki, ma'aji ya fake da guzuma ne kawai. Maganar Fada da rassa ita ce magana.

Ɗan Katikis: Hhhh Mai Ganga ba ka da dama. Da hunturu ƙarfe 6 duhu ne sosai, kuma idon Fadanmu ya fara rauni, rubutun littafin Mas ƙanana ne. Amma na karɓi gyara, fitilar sola ɗaya mai kyau ta isa.

Talatu Zonkwa: Ni dai abin da aka koya mana a ajin katikisim shi ne ƙin zuwa Mas babban zunubi ne. To in kun rufe, alhakin mutane a wuyan wa?

Ɗalibin Seminari: Yaya Talatu, a ɗan gyara kaɗan. Wanda ya zama dole shi ne na Lahadi da na manyan ranakun idi da Ikkilisiya ta keɓe. Na sauran ranaku na ganin dama ne, wanda bai je ba bai yi laifi ba.

Abin da ya kamata kwamiti ya sani shi ne, shi Fada ba hutu zai samu ba. A dokokin Ikkilisiya na 1983, doka ta 904 ta ƙarfafa wa firist, wato Fada, ya yi Mas kowace rana ko da jama'a ba su samu halarta ba. Ta 906 ta ce kada ya yi shi ba tare da ko mutum ɗaya ba sai da dalili mai ƙarfi. Ta 905 kuma ta ce sau ɗaya ne a rana, amma inda firistoci suka yi ƙaranci bishop na iya ba da izinin sau 2 a ranar aiki, sau 3 ranar Lahadi. Ke nan Mas dai za a yi shi ko ta yaya. A ina za a yi shi, shi ne abin tattaunawa.

Sai abu ɗaya da ba a cika lura da shi ba, wato karatu. A ranakun mako ana bin Bishara ne a jere, a fara da Markus, a shiga Matiyu, a ƙare shekara da Luka. Karatu na farko kuma zagayen shekara 2 ne. Akwai littattafan da mai zuwa Lahadi kaɗai ba zai taɓa jin an karanta su a coci ba, irin su Rut da Tobit da Esta. Ina tabbatar muku waɗannan tsofaffin da ba su iya karatu ba sun fi da yawa cikinmu jin Littafi Mai Tsarki, da kunne suka sha shi shekara da shekaru.

Talatu Zonkwa: To na gode ƙanena. Ashe shekara nawa ina ɗaukar wa kaina laifin da ba nawa ba.

Gaskiya Ɗaci: Ku dai faɗi gaskiya. Yesu da bakinsa ya ce in za ka yi addu'a ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa, Matiyu 6:6, kowa ya duba. Wannan sintirin coci kullum safiya na marasa aikin yi ne. Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, abin da ya sa ba a son rage Mas shi ne kuɗin da ake biya a sa sunan mamaci. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Maman Ladi: Marasa aikin yi? Ni da nake fitowa daga coci ƙarfe 6 da rabi in ɗora kaskon ƙosai, in sallami 'yan makaranta, in wuce kasuwa? Kai da kake da aikin yi ƙarfe nawa kake tashi?

Malam Bulus: Ni ɗan ECWA ne, ba mu da Mas, amma a ba ni dama in sa baki. Ɗan'uwa Gaskiya Ɗaci, ayar da ka kawo kan masu addu'a don a gan su take magana. Wa ke ganin tsohuwa a duhun asuba? Ka buɗe Ayyukan Manzanni 3:1, Bitrus da Yahaya haikali za su a lokacin addu'a na ƙarfe 3 na yamma suka tarar da gurgun nan a bakin ƙofa. A sura ta 2 aya ta 46 an ce kowace rana suke taruwa a haikali. Ga Hannatu a Luka sura ta 2, gwauruwa tsohuwa tukuf da ba ta rabuwa da haikali dare da rana, kuma ita Allah ya nufa ta ga jariri Yesu da idonta. Da kwamiti ya zauna a kanta ai da an ce mutum ɗaya ce, a rufe.

Mu a majami'armu addu'ar safe ƙarfe 5 da rabi ce. Waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a karanta 'yan ayoyi, a kawo roƙe-roƙe, wane ba lafiya, wance za ta haihu, wane na neman aiki, a yi addu'a a watse. Minti 30 bai cika ba. In Fasto ya yi tafiya dattijo ya ja, in ba dattijo wata daga Zumuntar Mata ta ja. Mu ma ba mu fi a ƙirga da yatsu ba, kada ku ce ku kaɗai abin ya dama.

Gaskiya Ɗaci: Malam Bulus na ji ayoyinka. Amma zancen kuɗi ba wanda ya amsa mini. Lokacin da babana ya rasu na je ofishin wani farish, ba zan kama suna ba, ina so a ambace shi a Mas na kwana uku. Sakataren ko gaisuwar rasuwa bai yi mini ba, ya turo mini littafin rasit. Kuɗin hannuna bai kai ba, ya ce in je in ciko. A ranar na bar zuwa.

Ɗalibin Seminari: Allah ya ji ƙan Baba, ya ba ku haƙuri. Abin da aka yi maka ba daidai ba ne, kuma ba koyarwar Ikkilisiya ba ce. Doka ta 945 ta roƙi firistoci su yi Mas domin bukatar mutane, musamman matalauta, ko ba a ba da ko sisi ba. Ta 951 kuma ta hana firist riƙe baikon Mas fiye da ɗaya a rana ko sau nawa ya yi, in ban da ranar Kirsimeti. Da ka samu Fada da kansa, da wuya ya mayar da kai.

Kande Jos: Sannu ɗan'uwa. Irin wannan ne ke korar mutane, ba sanyin safiya ba. Turo mini sunan Baba ta akwatin sirri, gobe da safe zan miƙa shi, ba sai ka biya komai ba.

Baba Tsohon Katikis: Jikarsa ce ke rubutawa, Baba na faɗa ina bugawa, na karanta masa duk abin da kuka ce.

Ya ce a gaishe ku duka. Ya ce shi ya yi shekara 31 yana aikin katikis, wato malamin coci mai taimaka wa Fada, a ƙauye, kuma a duk shekarun nan in an tara ranakun da Fada ya kwana garinsu ba za su cika shekara ɗaya ba. Amma ba a taɓa wayewar gari ƙofar coci na rufe ba. Ba su da ƙararrawa, tsohon wilin babbar mota ne aka rataye a reshen mangwaro, yana bugawa da guntun ƙarfe. Uku, uku, uku, sannan tara, na addu'ar Mala'ikan Ubangiji, ƙarfe 6 na safe da 12 na rana da 6 na yamma. Ya ce har matan Fulani masu tallan nono sukan ce da ƙarfen Malam suke gane rana ta take.

Da damina mutane kan zo da fartanya su jingina a bangon coci, ƙafa duk raɓa. A yi addu'ar safe, ya karanta musu Bisharar ranar, a yi goma ɗaya na Rosari, wato addu'ar carbi, kowa ya ɗauki fartanyarsa. In shuka ta matsa ba mai zuwa sai wata makauniya da jikanta ke ja da sanda ya ajiye ta a bencin gaba ya tafi. Ya ce ya yi damina guda cur yana yi wa makauniya ɗaya da bencuna wa'azi. Wata rana ya gaji ya ce mata, Iya yau mu biyu ne kawai, mu taƙaita. Ta ce, Malam kai ne mai ido, ni a wurina coci cike yake, karanta duka.

Ya ce ku yaran yanzu kun haɗa abu biyu kun ɗaure da igiya ɗaya. Mas sai da Fada, wannan gaskiya ne, shi katikis ba ya keɓe gurasa. Amma addu'a ba ta jiran Fada. Ya ce Injiniya ya yi gaskiya, ku saki Fada ya tafi ƙauye. Maman Ladi ma ta yi gaskiya. Ku ba tsofaffin mabuɗi.

Ya ce in ƙara da cewa wilin nan yana nan har yau, mangwaron ne ya faɗi.

Mai Ganga: Baba ya gama magana. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi. Allah ya ƙara wa Baba lafiya.

Injiniya Bako: Ranka ya daɗe Baba, na sara maka. Maganar makauniyar nan ta sa na ajiye waya na yi shiru.

Saratu Nas: Ina girmama Baba ƙwarai, amma ku bar ni in faɗi nawa, don ni ba tsohuwa ba ce kuma ina cikin masu zuwa. Aikin jinya nake yi. Lahadi biyu a wata ina bakin aiki. In na yi kwanan asibiti, wani lokaci na rufe wa mutum ido da hannuna ƙarfe 3 na dare, ba na iya wucewa gida kai tsaye in hau yi wa yara wanka kamar ba abin da ya faru. Akwai coci a kan hanyata da ke Mas ƙarfe 7 saura kwata, in na samu wadda ta karɓe ni da wuri nakan shiga da fararen kayana in zauna can baya. Ba kiɗa, ba sanarwa, ba a kira kowa ya fito ya yi rawar baiko, ba mai duba zanen da na ɗaura. Wa'azin minti 3 ne, wani lokaci ma babu. Ka ji ƙarar ruwan inabi yana zuba a ƙoƙo saboda tsabar shiru. Ranar Lahadi ba a jin wannan.

Abin da ke kai ni shi ne Jibi, wato gurasar da Fada ya keɓe a Mas. Rosari zan iya yi a cikin keke a hanyar gida. In aka ce addu'a ce kawai ba Jibi, gaskiya ban san ko zan riƙa tsayawa ba. Kuma irina ba ma cikin lissafin ma'aji, don yau mu zo gobe ba mu zo ba.

Kande Jos: To ba za a iya barin katikis ya raba Jibin da aka riga aka keɓe ba? Na ga ana yi a ƙauyenmu ranar Lahadi.

Ɗalibin Seminari: Anti Kande, sai da izinin bishop, kuma an fi ba da shi don Lahadi a inda ba firist. A ranakun mako, a cocin da ke samun Mas kowace Lahadi, ba a cika bayarwa ba.

Ɗan Wusasa: Gaisuwa daga Zariya. Ni ɗan Angalika ne, kuma abin da Baba ya faɗa a rubuce yake a wurinmu. Littafin Addu'a na 1662 ya ɗora wa kowane limami yin Addu'ar Safe da Addu'ar Yamma kullum. Ya ce in yana gari ya yi su a cikin cocinsa, kuma ya sa a buga ƙararrawa kafin ya fara, don wanda ya samu dama ya zo ya ji Kalmar Allah ya yi addu'a tare da shi. Ba a ce sai mutum kaza sun taru ba. Tun 1549 Akbishop Cranmer ya tattara lokutan addu'a na sufaye ya mayar da su biyu, don manomi da ɗan kasuwa su iya bi. An raba Zabura 150 a kan kwana 30, safe da yamma. Ta 119 kaɗai tana ci daga yammacin 24 ga wata har yammacin 26. In wata ya yi 31 sai a maimaita na ranar 30.

Kakana haka ya haddace Zabura bai sani ba. Mu jikoki kuwa, kada in yi muku ƙarya, yawancinmu Laraba kaɗai muka sani, ita ma in an ce akwai Jibin Ubangiji. In kun zo Wusasa ku shiga cocin St. Bartholomew da sassafe, ginin ƙasa ne irin na Hausa tun 1929, sanyinsa da shirunsa kaɗai wa'azi ne.

Kande Jos: Tunda an taɓo Hausa, ni ga tawa damuwar. Sabon Fadanmu da Turanci yake Mas ɗin safe wai ya fi sauri, alhali masu zuwa duk iyayenmu ne. Sai dai su ce Amin. Tun 1980 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa, me ya sa za a hana su ji?

Ɗan Wusasa: 'Yar'uwa ƙara baya. Na 1980 sabuwar fassara ce. Cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa ya fito a 1932, kuma Likita Miller na nan Zariya yana cikin waɗanda suka yi aikin. Amma maganarki tana kan hanya.

Ɗan Katikis: Mu da Hausa ake yi. Ko da yake Mama Bajju ce, Hausa a wurinta harshen coci ne da kasuwa. Nakan ji ta, in addu'a ta kai mata inda ta kai sai ta saki Hausar ta koma Jju. Abin dariya kuma har yanzu tana rera waƙoƙin Latin da ta koya tana yarinya, ba ta san ma'anar kalma ɗaya ba, amma kada ka kuskura ka gyara mata.

'Yar Maraɗi: Sannunku mutanen Najeriya, ina biye da ku tun jiya. Mu nan Nijar in munka ji kuna kukan mutum 9 sai mu yi murmushi. Dayosis ɗinmu na Maraɗi, wato yankin bishop ɗinmu, da anka kafa a 2001, ya haɗa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas da Difa. Ku duba taswira ku gani. Akwai 'yan'uwa da mon per, wato Fada, ke cin yini guda a mota kafin ya iske su. A cocinmu da marece muke yi bayan an taso aiki, mu da sistoci da 'yan ɗalibai kaɗan. Da safe kuwa ladanin unguwa ne agogona. In ya kira assalatu maƙwabtana su tashi alwalla, ni in jawo Rosarina. Wanda ke da Mas kullum a ƙofar gidansa bai san abin da ya samu ba.

Maman Ladi: 'Yar Maraɗi kin tuna mini. Akwai wani Malam maƙwabcinmu, shekara da shekaru muna haɗuwa a lungu, shi yana dawowa daga masallaci ni ina tafiya coci da tocilata. "Maman Ladi an tashi lafiya?" "Lafiya lau Malam." Iyakarta ke nan. Bara da ciwon ƙafa ya kwantar da ni, kwana uku bai gan ni ba, sai ga shi da sallama da ledar lemu, wai ya ga lungu ya yi duhu ba tocila. Na gaya masa mu ba mu da yawa da safe, ya yi dariya ya ce su ma sahun asuba ba ya kai rabin na Juma'a, barci ba ya tambayar addinin mutum.

Ayuba Direba: Ba wanda ya yi maganar tsaro. A yankinmu ba mai fita kafin gari ya waye sosai, kuma kowa ya san yadda ake ɗauke firistoci a jihar nan. Kuna cewa Fada ya kwana ƙauye sau biyu a mako, a kan babur, a hanyar da ni mai mota ba na bi bayan la'asar? Ku yi tunani. Ni shawarata a mayar da na gari ƙarfe 5 na yamma, ma'aikata da 'yan makaranta su samu, Fada ya je ƙauye da hantsi ya dawo da rana tsaka.

Injiniya Bako: Da hantsi wa zai tarar a ƙauye, Ayuba? Kowa na gona. Sai dai ya yi wa awaki Mas.

Maman Ladi: Ƙarfe 5 na yamma kuma muna kasuwa, daga nan sai tukunyar tuwo. Ku maza in kun tashi tsara lokaci sai ku manta wa ke dafa abin da za ku ci. Kuma da safe ba ka ci komai ba, azumin awa ɗaya kafin Jibi ya zo da sauƙi. Da yamma sai ka jefa gyaɗa a baki ka manta.

Mai Ganga: Mu mun gwada da yamma a cocinmu. Makon farko mutum 40, kowa na murna. Bayan wata biyu suka koma 10, kuma abin mamaki tsofaffin safen nan ne dai suka dawo da yamman. Wanda zai zo zai zo.

Gaskiya Ɗaci: Anti Kande na tura miki. Na gode. Ban ce na canza ra'ayi ba fa.

Shugaban Zaure: 'Yan'uwa an yi nisa. Ɗan Katikis, yau Lahadi, yaya zaman jiya ya kaya?

Ɗan Katikis: Ku yi haƙuri, sai yanzu na samu caji. Mun zauna awa 3. Na karanta musu saƙon Baba da na Anti Saratu da na Injiniya. Ma'aji ya janye zancen janareta da kansa, wani ma ya yi alkawarin fitilar sola. Fada ya saurare mu duka bai ce uffan ba, sai can ya ce shi bai taɓa cewa ya gaji ba, kuma Mas ɗin safen nan shi ke riƙe da shi kansa, don ranar Lahadi aiki yake yi, ranar Talata kuwa addu'a yake yi. Amma ya yarda rassa suna da hakki a kansa. Aka tsaya a kan gwaji daga nan zuwa Kirsimeti: Talata da Alhamis zai je ƙauye, sauran ranaku Mas na nan ƙarfe 6. Ayuba, an yi maganar hanya, matasa biyu za su riƙa raka shi, kuma ba zai kwana ba sai a rassa biyu da ke bakin titi.

Inda aka watse ba a daidaita ba shi ne mabuɗi. Ma'aji ya ce an taɓa sace mana amfilifaya da kujerun roba 20, ba zai ba da mabuɗin coci ga wanda ba ya cikin kwamiti ba. Katikis ɗinmu na yanzu kuma malamin makaranta ne, a wani gari yake koyarwa, ba ya nan da safe. Aka ce sai zama na gaba.

Na dawo na gaya wa Mama. Ta ce ranar Talata za ta je, in ƙofa na rufe akwai dakali.

Saratu Nas: Talata da Alhamis ɗin ku rubuta a allo a bakin ƙofa don Allah, kada irina su zo su yi ta jira.

Injiniya Bako: Wane reshe zai fara zuwa? In da hali a fara da na ƙetaren rafi kafin ruwa ya sake kawowa.

Maman Ladi: Kai Ɗan Katikis, ba kana cikin kwamitin ba? To karɓi mabuɗin mana. Ƙarfe nawa kake tashi?

Mai Ganga: Hhhh Mama ta kama shi. Ɗan Katikis muna jiran amsa, mun ga kana kan layi.